Turmin Inna da Ya Tsage

Sau uku ke nan kuna yunƙurin fitar da turmin nan daga ɗakina. Na farko lokacin da kuka zuba mini siminti a ƙasa, na biyu da aka kawo gadon nan mai tsawo da sai na yi bismilla biyu kafin in hau, na uku kuwa sallar da ta wuce, da ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, ya ce itace ne mai kyau, zai dafa shinkafar gida guda. Duk na ji, na yi shiru, domin da na buɗe baki a lokacin ba mai daɗi ce za ta fito ba. A sallar nan kuma na ji ku kuna gardama a kan jikata Maryam da cikin farinta, wasu na cewa asibiti, wasu na cewa gida, har wani ya ce ai mutanen da ba su san darajar rai ba, dubi kakarmu Inna da aka ce tana daka 'yarta tana mutuwa. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Shi ya sa na ɗauko littafin nan da biro, da ɗan bokon da na koya a ajin manya, rubutun nawa kamar tonon kaza, amma za ku karanta shi a haka. Uwata ce kuka taɓa, kuma ba ku san ta ba.

Gidanmu na Kebbe yana bakin gari ne, ta wajen gonaki. Baba manomi ne mai 'yan shanunsa, ba mai yawan magana ba, gidan kuwa Inna ce ke juya shi. Darnin kara ne ya kewaye mu, akwai tsamiya a tsakar gida, a gindinta turmin nan yake zaune tun kafin a haife ni. In na rufe ido har yau ina jin unguwarmu da sassafe, taɓare na tashi gida gida, ana lugude, ƙanshin gero sabon sussuka yana haɗuwa da hayaƙin kara da warin garke. A wancan zamani ana gane mace da sautin taɓaryarta kamar yadda ake gane ta da murya. In wata ta makara sai a ce wance ba ta da lafiya, in ta yi daka da ƙarfi fiye da kullum sai a ce an ɓata mata rai. Ta Inna kowa ya san ta, bugu biyu masu nauyi, sai ta cilla taɓarya sama ta tafa. Ina kewar wannan sauti fiye da yadda zan iya faɗa muku, injin niƙa bai bar mana komai ba sai ciwon kai.

Matan gidanmu suna da abin alfahari guda, ba zinariya ba, ba shanu ba. Ba a taɓa jin muryar ɗayarsu a wajen haihuwa ba. Mace in ta ji naƙuda sai ta shige ɗaki ta ja asabari, ta durƙusa ita kaɗai, ta ciji bakin zanenta. Sai an ji kukan jariri sannan a aika a kira ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Aikin ungozoma ke nan a lokacin, ba ta zuwa sai komai ya wuce. An ce Inna ta haife ni ne tsakanin ɗora ruwan tuwo da talge, ta fito ta ƙarasa tuƙinta, kuma an ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kullum da nufin in ji in koya.

Yayata Hauwa'u ita ce 'yar farin Inna. Ku na yanzu da kuke rungume 'ya'yan farinku kuna ɗaukar hoto ba za ku gane ba, amma mu a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba, sai “ke” ko “waccan”. Da Yaya ta zo goyon ciki, wato ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ina 'yar budurwa. Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, ta ajiye tsintsiya ta shiga ɗaki ba ta ce wa kowa komai ba. Inna ta gani, ta kau da kai, ta auno gero ta hau dakan kunun da mai jego za ta sha. Mun ji kukan jariri wajen azahar. Muka jira Yaya ta yi gyaran murya, alamar a shigo, ba ta yi ba. Inna ta ci gaba da daka. Da aka kira ungozoma, Gwaggo Dije, ta ɗaga asabari, mabiyiya ba ta faɗo ba, jini ya malale har gindin randa. Yaya ba ta kai magariba ba, ɗan kuma ya bi ta bayan kwana biyu.

Gwaggo Dije mutuniyar Fakku ce da aure ya kawo unguwarmu, gidanta na bayan namu, 'yar gonar rogo ce kawai a tsakani. 'Yar ƙanƙanuwa ce, baki ja da goro, ga faɗa kamar ta ari baki. A ranar nan ta fito daga ɗakin Yaya hannunta duk jini, ta tsaya gaban Inna, a gaban matan unguwa, ta ce:

“Kina nan kina daka, Amina? Ɗiyarki na ƙarewa taki fuɗu da ke, kina daka?”

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Daga ranar ba ta sake yi wa Gwaggo Dije magana ba, ko a gidan suna suka haɗu sai ta sauya tabarma. Ita kuwa Gwaggo Dije daga ranar ta sauya aikinta. Ta shelanta cewa duk wadda ba ta kira ta tun da naƙuda ba, kada a kira ta da reza. Daga baya da aka tara ungozomomi aka ba su horo, ta je, ta dawo da wani ɗan akwatin kwano da take ɗauka a ka kamar mai tallan goro. Mata suka yi ta yi mata dariya, suna cewa Dije ta zama likita, sai ragwaye ke kiran ta.

Bayan shekara huɗu aka kawo ni Tambuwal gidan babanku, Allah ya jiƙansa. Tela ne a bakin kasuwa, ina son sa yana so na, ban da abin da zan ce a kansa sai dai son barkono da ya yi masa yawa. Da ciki ya zo, shi murna, ni kuwa ban da tsoro babu abin da ke cikina. In na ga randa sai in tuna ɗakin Yaya. Shi ne ya fara kai ni awo, a ɓoye, kamar masu satar hanya. Malamar asibitin ta duba ni ta ce komai lafiya, jinina ne dai da ɗan ƙaranci, ta ba ni ƙwayoyi. Da ta ji goyon ciki za ni Kebbe, sai ta ce in dai dole ne, in nemi wata Dije, hannunta na da kyau, kuma ta san lokacin da abu ya fi ƙarfinta. A hanyar dawowa babanku ya ce:

“Rabi, in kina tsoro ki zamna nan ki haifu asibiti. Ni ina iya zuwa in ba Baba haƙuri.”

“In ƙi zuwa goyon ciki? Mi za a ce ma iyayena? A ce sun kashe guda, ta biyu ta gudu?”

“Tau mi kika so a yi?”

“Ina zuwa gida. Amma ba ni shiga ɗakin nan ni ɗai.”

Kun ji shawarar da na yanke, a bakin wata kwata kusa da masu sayar da rake. Da na ƙi zuwa, da na tona wa Inna asiri a gari, da na je na yi yadda aka saba kuwa, ban ga abin da zai hana ni bin Yaya ba. Na zaci na samo hanyar da ba za ta ɓata wa kowa ba. Yarinta ke nan.

A wata na bakwai aka sa ni a gaban motar kaya, hanyar Kebbe ta yi ta jijjiga ni har na ce a nan zan sauke. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Kwana biyu da isowa na ce za ni gaida dangi, na zaga ta gonar rogo na faɗa gidan Gwaggo Dije. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tofar da tukar goro.

“Ke ba ɗiyar Amina ba ta? Uwarki ta san kin zo?”

Na ce a'a. Ta jawo ni ɗaki, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, abin da ban taɓa ganin an yi ba in ba alwala ba. Ta ja fatar idona ta leƙa, ta danna ƙafata ta ga ko yatsa zai lotsa, ta lalube cikin ta ce kai ya fara juyowa ƙasa. Ta buɗe akwatin ta nuna mini reza sabuwa a takardarta, da zare da take dafawa, da ƙyallaye wankakku. Sannan ta kafa mini sharaɗi.

“In nic ce a tafi asibiti, ba gardama, ko uwarki ta kwanta bakin ƙofa. Na yi magana da mai mota, shina nan kusa da tasha. Kuma ranar, in kin ji zafi ki buɗe baki ki yi kuwwa. Da muryar macce nika sanin inda taka. Wadda tay yi shiru ita ka ba ni tsoro.”

Muka shirya cewa in abin ya taso zan rataya baƙin zanena a kan darni ta wajen gonar rogo, tana hango shi daga ƙofarta. Da yamma na sami Inna tana tsinke zogale, na durƙusa, kaina a ƙasa, na faɗa mata. Hannunta ya tsaya cak.

“Dije? Duk garin ga ki rasa wadda za ki kawo mani gida sai Dije?”

“Inna, tsoro nika ji.”

“Mu da munka haife ku duwatsu na? Uwata ta haifi tara ba wanda yaj ji tarinta. Ke za ki fara buɗe muna baki?”

Ban janye ba, taurin kan nan da kuke kuka da shi ba a ƙasa na tsince shi ba. Daga ranar Inna ta daina yi mini magana. Wata biyu cur muna gida ɗaya. Ba ta rage ni da komai ba, nonon da Baba ya tatso ni take fara zuba wa, hantar da aka sayo a kwanona take ƙarewa, amma in za ta ce in ci sai ta dubi tsamiya ta ce, “Mai jin yunwa ga tuwo nan.” Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, domin ni ce 'yar gaban goshinta, ni ce take kira da suna tana tsokana tana yi mini kitso a cinyarta. Gwaggo Dije kuwa duk mako sai ta leƙo ta kan darni wai tana neman kazarta, ta ce in matso, ta ja idona ta duba, Inna na zaune ta ba mu baya.

Ranar ta zo bayan an gama dakan safe, gari ya yi tsit, maza duk suna gona wajen ɗaurin gero. Tun asuba nake jin baya na riƙewa, na ce bari in tabbatar tukuna, kada in tara wa kaina abin dariya. Ashe na yi wauta. Da na miƙe in ɗauko zanen sai faya ta fashe, wani ciwo ya naɗe ni, na zube a bakin ƙofa da zanen a hannu. Darnin nan bai fi taki goma ba, amma ya yi mini nisa kamar Tambuwal. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Inna tana gindin tsamiya. Kunya ta hana ni miƙa mata zanen. Ta dube ni, ta kau da kai, ta ɗauki taɓarya. Na ja jiki na koma ɗaki, na ji daka ya tashi, na ce a raina shi ke nan, yadda aka yi wa Yaya haka za a yi mini. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin na ƙi uwata.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, sai na ji an banko asabari, ga Gwaggo Dije tana haki, akwati a ka, ɗankwali a hannu. Ta wanke hannu tana zagina don na yi jinkiri. Daga nan har la'asar tana tare da ni, tana shafa mini baya, tana ba ni ruwa, tana cewa in tashi in taka, in na gaji in jingina da ita. Da abin ya kai maƙura na ciji zane yadda aka koya mana, ta fizge shi.

“Yi kuwwa, ɗiyag ga! Wa kika ma kunya? Mutuwa?”

Na kuwa yi. Na kira Allah, na kira Annabi, na kira Inna, har babanku na kira da sunansa na yanka, abin da ban sake yi ba har ya bar duniya. Duk lokacin da na ɗaga murya sai dakan waje ya ƙara ƙarfi. Jaririya ta fito da cibiya naɗe a wuya, jikinta ya yi shuɗi, ba kuka. Gwaggo Dije ta warware, ta share mata baki, ta kifa ta a hannu tana murza bayanta tana salati, sai ga atishawa, sai ga tsanyara. A daidai nan na ji wani ƙara a waje, ƙas, daka ya tsaya. Amma ba a gama ba, jini ya ɓalle mini kamar na Yaya. Ta ɗora mini jaririyar a nono nan take, ta sa hannu biyu tana murza marata kamar mai kwaɓa fura, ina ihu tana cewa in ƙara. Ta leƙa waje ta ce wa iska, don Inna ta ji, a je a ce mai mota ya matso. Kafin ya iso mabiyiya ta faɗo, jinin ya tsagaita. Duk da haka ba ta sallame shi ba sai da aka yi magariba.

Kada ku zaci an yi mini guɗa. Kafin suna labari ya gama unguwa, 'yar Amina ta yi kururuwa har masu ɗaurin gero sun ji. 'Yan barka suna shigowa suna tambayata ko maƙogwaro ya warke. Har yau akwai tsofaffi a Kebbe da ba su san ni da Rabi ba sai Mai Kuwwa, kuma alfaharin gidanmu a kaina ya ƙare. Inna ce ta yi mini wankan jego, safe da yamma, ruwa na tafasa, ganyen darbejiya na sauka a bayana, amma bakinta a rufe. Turmin kuwa na gan shi jingine a bayan rumbu, ya tsage tun daga baki har gindi, ban tambaya ba.

Ana gobe suna Baba ya aika wa babanku cewa ana roƙon alfarma a sa wa yarinya Hauwa'u. Na san Baba bai taɓa roƙon kowa komai ba, na san daga inda saƙon ya fito. Aka sa. Ni dai ba zan kira ba, ga sunan Yaya ga 'yar fari, sai kowa ya koma ce mata Kulu.

Sai ranar arba'in, da na je yi wa Gwaggo Dije godiya, na ce mata Allah ne ya kawo ta ranar, tunda ban rataya zane ba. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

“Allah na, amma uwarki ta kira ni. Ke ba ki san kukan turmin da ba komi ciki ba? Ina zamne nij ji taɓaryar Amina, ba lokacin daka ba, turmi na ƙara wayam kamar ganga. Macce irin Amina ba ta dakan wofi. Nic ce wanga kira na.”

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Wato matar da ta shekara biyar ba ta ce wa Dije ko sannu ba, ita ce ta kira ta, da bakin da take da shi. Kuma ta ci gaba da dakan wofin nan tun hantsi har la'asar don ta rufe muryata kada unguwa ta ji, har turmin da aka kawo ta da shi gidan aure ya tsage. Na dawo gida na same ta a gindin tsamiya da jaririyar a cinya, ba ta ji shigowata ba. Tana rausaya ta, tana magana ƙasa ƙasa.

“Hauwa'u. Hauwa'u. Ke Hauwa'u, kin ji ni?”

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Na durƙusa kusa da ita na ce, “Inna, na ji batun turmi.” Ba ta dube ni ba, ta ce:

“Waccan ranar kunnena na ga ƙofarta. Ko tari tay yi da na shiga. Ba ta yi ba, ni nik koya mata kada ta yi.” Ta gyara wa jaririyar wuya. “Ke kuwa kin cika mani kunne, Rabi. Ban taɓa jin abin da yay yi mani daɗi kamar kukanki ba.”

Daga nan ta ce in tashi in ci tuwo ya huce, da sunana ta faɗa, ba da tsamiya ba.

Ku bakwai na haifa, huɗu a hannun Gwaggo Dije, har Tambuwal ake ɗauko ta, uku a asibiti, na farkon na asibitin ma ita ce ta lalube ni ta ce wannan a gicciye yake, ba nata ba ne, ta raka ni da akwatinta a ka. Saboda haka Maryam, ba zan ce miki gida ba, ba zan ce miki asibiti ba. Ki yi awonki, ki ji abin da masu dubawa suka ce, ki zaɓi wadda ta san aikinta, ta kuma san inda aikinta ya tsaya. Abu ɗaya na hana, kada ki ja ƙofa ke kaɗai, kuma in ya yi zafi ki buɗe baki, jikar Mai Kuwwa ce ke.

Da Inna ta rasu aka zo rabon 'yan kayanta, 'yan'uwana suka ɗebi tasoshi da zannuwa, ni na ce a ba ni turmin, aka yi ta dariya. Ke kuma 'yar farina, da kika taɓa tambayata me ya sa duk duniya Kulu ake ce miki amma Inna ita kaɗai take cika sunan, tana ƙwala miki kira sau goma a yini ba tare da tana da aiken da za ta yi miki ba, na ce miki rigimar tsufa ce. Ba ita ba ce. Shekara hamsin ke nan ina ce miki “ke”, kina amsawa, ba ki taɓa nuna kin damu ba. Bakina ya riga ya saba, ba zai iya ba, amma biro ba ya jin kunya. Hauwa'u, in na tafi, turmin naki ne.